Shekarar da Malam Ya Sallama Wakena

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Shekaranjiya ina zaune bakin ɗakina, zafin kaka na dukan bango, sai ga masu sayen wake sun shigo gari bisa babura, kowa da waya a kunne. Sunka rataya buhu a ƙugiyar sikeli, sunka duba, sunka ɗaure, sunka wuce. Ko ruwan gidan ba su sha ba. Na ce a raina, in wannan shi ne ciniki, to 'yan yanzu ba su ga ciniki ba. Abin ya tuna mini da wata kaka mai irin wannan zafi, wadda na kusa rasa san huɗa saboda kunyar mijina.

Ni Tumba ban yi boko ba, allon ma Inna ta cire ni tun ina ƙarama saboda daka. Amma abin da zai shiga tiyar awo ya fita, ba a yi wanda zai rufe mini ido a kansa ba.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba. Waya ba ta iso mu ba, ba a fara tururuwar haƙar zinari wajen Dareta ba, kuma mutum na iya wuni a gona mai nisa ba ya waiwaye. Ƙauyenmu na gefen Nasarawa Burkullu, in ka fita bayan sallar asuba da ƙafa, hantsi zai same ka cikin kasuwa.

Muna da shanun huɗa biyu, Fari da Gudale. Shekara bakwai muna tara su. Daga kaji munka koma awaki, daga awaki munka sayi maraƙi, ya girma a ruga wajen Fulani, sannan da ƙyar anka samo masa ɗan'uwa. Kafin su zo, da hannu mijina Malam Bawa yake huɗa, har bayansa ya lanƙwashe. In ya yi ruku'u sai ya dafa gwiwa ya yi jim kafin ya miƙe. Garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. In an sayar da guda, ɗayan ya zama na kallo, Malam ya koma duƙe.

Daminar ta fara da kyau. Ruwan shuka ya sauka da la'asar, ƙasa ta yi wannan ƙamshi da ke sa mutum jin yunwa, munka shuka gero ya fito kamar da hannu anka jera shi. Ana gama noman fari sai sama ta bushe. Hadari ya haɗu gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane bakin indararo, sai ya watse ya bar mu da tukwane. Haka munka yi sama da kwana ashirin. Ganyen gero ya naɗe kamar tabarma. Maza sunka fita roƙon ruwa har sau biyu, mu mata munka yi gumba munka raba sadaka. Ruwa ya dawo, amma geron ya riga ya sha wuya, zangarniya gajera, rabinta ƙaiƙayi. Munka ce to, dawa ta rufa mana asiri. Dawa na cikin fitar da kai, ruwan ya ɗauke gaba ɗaya. Ta tsaya a gona fara fat, ka murza kanta a tafin hannu ka hura, ba abin da zai saura.

Ni kuwa ina da gayaunata da na gada wajen Inna, can gangaren fadama inda ƙasa ke riƙe sanyi. Farin wake na zuba mata. Shi wake ba ruwansa da ruwa mai yawa, in ya samu raɓar asuba ya gode. A shekarar da gandu ya kunyata kowa, gayaunar nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Da sassafe muke fita roro, kafin rana ta sa kwanso ya riƙa fashewa a hannu, ni da Hassi matar ɗana da matan maƙwabta, kowace in za ta koma gida a cika mata ƙwarya. Zafin kaka ba irin na bazara ba ne, shi lulluɓe mutum yake yi, zufa na bin gadon baya, ƙaiƙayi na cin wuya. Furar da muke kai wa gona ta zama ruwa-ruwa, kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Duk da haka waƙa muke yi. Munka shanya, munka buge, munka sheƙe, harawa kuma munka naɗe ta munka ɗora bisa itace saboda shanu.

Da anka gama ɗaurin dami, Malam ya hau rumbu ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba. Mu baki tara ne a gidan. Da ya sauko bai dube ni ba, bango ya duba, ya ce geron ba zai kai mu tsakiyar bazara ba, in ta kama, Fari za shi kasuwa. Na ce ba ta kama ba tukuna. Zan cakuɗa wakena da toka da barkono, in zuba a tuluna in liƙe baki da laka, ya kwanta har ya yi tsada, sannan mu mai da shi gero. Ya ce to. Da kunnena na ji ya ce to.

Mai sayen amfanin gona a ƙauyukanmu lokacin shi ne Garba, ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa mu rabu ba mu zagi juna ba. Shi ke bi gida gida ya saya, ya tara a shagonsa na Nasarawa, manyan 'yan kasuwa su zo daga Gummi da Anka su kwasa a mota. Dogon-hannu ake ce masa, kuma ba don sata ba. A wajenmu mai saye shi ke awo, da tiyarsa. Zai cika ta ta yi tozo, sannan ya kewaye bakinta da hannun hagu, ya ƙara tulawa, ya ɗaga duka ya juye a buhu. Abin da hannu ya tare nasa ne. Shi kuwa Garba Allah ya ba shi hannu kamar muciya. Tiyar sayen tasa ma an bubbuge gindinta ta yi zurfi. In kai ka je saye wajensa, wata tiya ce daban zai ɗauko, sabuwa mai ƙyalli, hannun kuma yana can bisa cinya yana hutawa. Kowa ya san da haka, har liman. Ba a kiran abin zamba, kuma ba a faɗin shi a fili. Haka munka tarar.

Wata Laraba Malam ya dawo daga sallar la'asar ya yi sallama mai tsawo. Ya tambayi lafiyar akuya, ya tambayi ko an ba kaji ruwa. Mutumin da ko sunan akuyar bai sani ba. Na aje tankaɗe.

"Malam, mi ka yi?"

"Garba ya taya waken."

"Wane wake?"

Ya dubi inda na tara waken gayaunata.

"Ka ce albarka?"

"Na ce. Har sau biyu."

"Na ukun fa?"

Ya ce ai liman na wurin, da mutane kusan sahu biyu, Garba kuma ya riƙe masa hannu bai saki ba, yana ta ƙara kaɗan kaɗan, yana cewa don zumunci ne. Shi dai bai san lokacin da bakinsa ya ce na sallama ba. Da ma Malam haka Allah ya yi shi. Yana iya wuni da garma ba ci ba sha, amma ba ya iya duban idon mutum ya hana shi abu sau uku. Kuɗin da ya faɗa mini kuɗin kaka ne, lokacin da kowa ke fitar da wake. In an haɗa da hannun Garba wajen awo, sannan mu ɗauki kuɗin mu je mu sayi gero da ƙaramar tiya, ko ban yi boko ba na san inda abin zai tsaya. Zai tsaya a wuyan Fari.

Na ɗauki taɓarya na faɗa wa turmi, har Hassi ta leƙo ta ce Inna, ai garin ya yi. Ina daka ina tunani. Abin gayauna na mace ne, wannan ko yaro ya sani. In na yafa mayafi na je wajen liman na ce ban ba shi izini ba, cinikin ya warware nan take. Amma gobe da wace fuska Malam zai zauna ƙofar masallaci? Duk wanda zai yi ciniki da shi sai ya ce, ka dai tambayo ciki. Na leƙa na gan shi zaune kusa da turken shanu, yana cire wa Fari kaska, a hankali, kamar mai ban kwana. Shekara talatin ina tare da mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ce ba zan kwance masa rawani a tsakiyar gari ba, kuma Fari ba za shi ko'ina ba. Yadda za a yi ne ban sani ba.

Washegari da safe na ɗauko dami ɗaya munka sussuke, ina auna na tuwon dare da 'yar tiyata, sai na tsaya da ita a hannu. Na dube ta, na dubi geron. Na kira Malam na ce maganarsa tana nan, Garba ya zo ya auni wake. Abu ɗaya nake so, a roƙi liman ya zo ya sa wa awon albarka, tunda a gabansa anka ƙulla. Malam ya dube ni yana neman inda faɗan yake, bai gani ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya saka takalmi.

Ran Juma'a da hantsi Garba ya iso da raƙuma biyu da mai su, da buhuna a naɗe, tiya a hammata. Anka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida, anka tula wake fari tas kamar an wanke. Liman ya zauna bisa buzu, maƙwabta sunka taru, don a shekarar ganin tsibin abinci ma kallo ne.

"Tumba," in ji Garba, "an ce bana ke ce maigida."

"Kai ma an ce bana ka fara sallar la'asar cikin jam'i."

Liman ya sunkuyar da kai yana gyara carbi. Garba ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya yi bisimilla, ya durƙusa. Ya cika, ya kewaye, ya tula, ya ɗaga. In ya yi goma sai ya aje tsakuwa ɗaya gefe. Ni kuwa ina zaune ina yaba shi. Na ce kawu ya bar gado, wanga hannu ko a Gummi ba a samun irinsa. Ya ji daɗi ya ƙara buɗe shi, har wake na gangarowa ta gwiwar hannu yana tarewa da ƙirji. Hassi na bayan zana tana yi mini ido, don ta ɗauka zafin rana ya taɓa ni. Malam kuwa yatsun ƙafarsa yake ƙirgawa.

Da tabarma ta koma wayam, anka ɗinke buhuna, Garba ya sa hannu aljihu. Na ce ya dakata. Na ce gidan nan ba mai cin takarda, kuma ni tsohuwa ba ni da inda zan ɓoye ta. Gero nake so, ga shi kuwa yana da shi jibge a shago. Na tambaye shi nawa tiyar gero take a kasuwa, ya faɗa. Liman ya ja carbi ya ce ya kama wake biyu, gero uku. Fuskar Garba ta washe, don ya hango riba biyu, ta saye da ta sayarwa. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, gobe in turo a auna mini a shago.

Na miƙa hannu na ɗauki tiyarsa daga kan tabarma, na ɗora bisa cinyata.

"A'a, nan za ka kawo shi. Da wagga tiya da ka auni wakena za ka auna mini gero, da wanga hannu naka mai albarka. Yadda ka ɗiba haka za ka zuba."

Wurin ya yi tsit, har kana jin raƙumi na tuƙa. In Garba zai ƙi, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin nan da kowa ya sani ba a faɗi, ga liman zaune, ga Juma'a. Ya dubi Malam ko zai cece shi, Malam bai gama da yatsun ƙafarsa ba. Ya ce ai gero ya yi wuya bana. Na ce shi ya sa nake son shi. Ya ce tiyar tana da aiki gobe a wani ƙauye. Na ce ta huta, ta gaji.

Liman ya yi gyaran murya, gemunsa na rawa. "Ai maganar ta yi kyau, Garba. Tiya guda, hannu guda. Ko akwai abin da ya hana?"

Can Garba ya ce, "Babu, Allah shi gafarta malam. Na sallama." Sannan ya juyo gare ni ya ce Allah ya isa tsakaninsa da gwaggonsa da ta haife ni. Na ce ta ji, tana kabari tana dariya.

Tiyar ɗakina ta wuni ta kwana, cikin kwandon tufafi. Da safe raƙuman sunka dawo da gero, mutanen da sunka taru sun fi na jiya, har da matan da ba su fita sai biki. Garba ya durƙusa ya cika tiya, ya ɗan ɗora yatsu bakinta kamar mai taɓa tukunya da zafi. Na ce jiya hannun ya fi haka tsawo, ko wanki anka yi masa ya tsuke? Anka kwashe da dariya. Ya yi tsaki ya naɗe riga, ya kewaye ta yadda ya saba, ya tula. Kowace ɗagawa sai ya yi nishi ya kira sunan kawu. Da ya yi rabi abin ya fara ba shi dariya shi kansa, ya ce tunda yake bai taɓa sanin nauyin hannun nan ba sai yau. Na sa Hassi ta kawo masa hoce da fura mai kauri, wadda mu kanmu mun kwana biyu ba mu sha irinta ba. Ya shanye tas, ya ce ko furar da geronsa anka dama. Kada a ji tausayinsa. Ya ɓoye waken har bazara ya ci ribarsa, kuma har ya bar duniya shi ke ba da labarin nan a kasuwa, yana ƙara masa gishiri.

Geron da munka samu ba yalwa ba ne, rufin asiri ne. Na zuba shi a rumbun laka na liƙe, ni ke buɗewa ni ke rufewa. Da bazara ta kama, rijiya ta ja baya sai an ƙara igiya, ƙasa na ƙona tafin ƙafa, dare da rana iska kamar daga bakin murhu. Tuwo ya koma sau ɗaya, da safe kunu, da rana abin da Allah ya hore. Zogale da rama da ƙuli-ƙuli sunka riƙe mu, in an dafa sai a barbaɗa gari kaɗan don ciki ya san an yi da shi. Jikokina sunka koyi lashe ludayi ciki da baya. Gidaje da yawa sun fitar da dabbobi a wannan bazara, kana zaune za ka ga an wuce da saniya ƙashin haƙarƙarinta a waje, a sayar da ita kuɗin tunkiya. Dillali ya zo gidanmu sau biyu yana zagaya Fari yana taɓa masa tozo. Na biyun ina jin Malam daga zaure ya ce masa albarka, ya sake cewa, ya kuma cewa, har sau huɗu, da ƙarfi yadda zai iso cikin gida. Geron ya kai mu har munka gasa tumun sabuwar shekara, da ƙyar, ina share gindin rumbu da tsintsiya.

Malam bai taɓa ce mini na gode ba, ba irin maganarsa ba ce. Amma da ruwa ya zauna a daminar da ta biyo, ranar da za a fara huɗa, na dama fura na ɗauka na nufi gandu ban same shi ba. A garinmu gandu ake fara yi, gayaunar mace sai an gama da komai, in shanu sun saura da ƙarfi. Wani mai wucewa ya nuna mini gangaren fadama yana murmushi. Na isa na tarar da Fari da Gudale cikin gayaunata, garma na tsaga ƙasa baƙa mai sanyi, Malam na biye a miƙe, ya riga ya yi kunya goma sha wani abu.

Na aje ƙwarya na ce, "Malam, wake ai ba yanzu ake shuka shi ba. Ga gero can na jiran ka."

Bai tsaya ba, bai waiwayo ba. Ya kai ƙarshen kunya ya juya shanun, sannan ya ce, "Su ne sunka nufo nan. Ni bin su nake."